Yadda ake jagorancin nazarin Luka 18:9-14, daga bagade zuwa hukunci

Misalin Bafarisiye (ɗan wata ƙungiyar Yahudawa masu tsananin kiyaye Attaura) da mai karɓar haraji, waɗanda suka je addu'a, ɗaya yana yabon kansa ɗaya yana roƙon gafara, ayoyi shida ne kacal, shi ya sa masu jagorancin nazari da yawa suke raina shi. A karanta, a ce girman kai ba kyau, tawali'u ya fi, a yi waƙa a watse. Ba ƙarya aka faɗa ba, amma an sha romo an bar nama. Yesu bai ajiye mutanen nan biyu a kasuwa ko a ƙofar gida ba. A Haikali ya ajiye su, babban ɗakin ibadar Yahudawa a Urushalima, wurin da ake yanka safe da yamma, sannan ya rufe labarin da kalmar da alƙali yake yanke shari'a da ita. Aikin mai jagora shi ne ya sa ƙungiya ta ga bagaden da ke tsakanin addu'ar mai laifi da hukuncin da ya koma gida da shi.

Tsarin nan na mutum 8 zuwa 12 ne, irin taron addu'ar tsakiyar sati, ko zumuntar mata, ko ta matasa, a zama ɗaya na minti 90. In sun haura 15 raba su biyu, don rabin aikin tambaya da amsa ne, kuma in taro ya yi yawa mutum uku ne za su riƙe bakin har a tashi.

Shirin mai jagora

Fara kwana uku kafin ranar. Ka tanadi Littafi Mai Tsarki na Hausa, da na Faransanci fassarar Louis Segond ta 1910, wadda a Maradi ba ka rasa ta a hannun wani cikin ƴan'uwa, sai kaye da bik. Tun fassarar Hausa ta 1932, zuwa ta 1979, zuwa sababbin da ke cikin waya, ba kalma ɗaya aka yi amfani da ita a ko'ina ba. Saboda haka bincika juyin da ke hannun mutanenka, ka kwafe aya 13 da 14 daga kowanne, kada a tsakiyar zama wani ya ce nasa ba haka ya ce ba ka tsaya kana lalube.

Ranar farko karanta Luka 17:20 zuwa 19:10 a zama ɗaya. Za ka ga misalin yana zaune cikin zancen shari'a: kafinsa akwai ranar Ɗan Mutum da labarin gwauruwa da alƙali marar tsoron Allah, bayansa Yesu ya faɗi mutuwarsa a 18:31-33, sannan ga labarin Zakka, shugaban masu karɓar haraji. Rana ta biyu ta Attaura ce: Fitowa 29:38-42, Littafin Firistoci 1:1-9, sura 16 gaba ɗaya, da 17:11. Rana ta uku Romawa 3:21-26, Ibraniyawa 2:17 da 10:1-14, ka ƙare da Luka 23:32-48. Kada ka juya jerin. Wanda ya fara da Romawa yakan zo ya yi wa'azin Bulus ya manta da mutanen nan biyu.

Kalmomin da kunne yake ji daban

Nan ne zaman yake gyaruwa ko ya lalace, don kowace kalmar da za ka ɗauka tana da gidan da ta fito a kunnen mutumin Maradi.

Hadaya. Wanda kakanninsa Anna ne, ko ya tashi kusa da masu bori, abin da ya sani shi ne a yanka jan zakara ko baƙar akuya don iska ta huce ta saki mutum. Mutum ne yake neman abin yanka, ya kai, ya lallashi mai fushi. In ka bar wannan hoton a kansa, zai ji kamar Yesu toshiya ce aka miƙa wa Allah. Maganinsa Littafin Firistoci 17:11, ka sa a karanta shi a hankali: Allah ne yake cewa shi ya ba su jinin a kan bagade don a yi kafara saboda rayukansu. Mai karɓa shi ne mai bayarwa. Ka ɗora 1 Yahaya 4:10 a kai.

Kafara. A bakin gari, kaffara abu ne da mai laifi yake yi da kansa: azumin wata biyu a jere, ko ciyar da miskinai 60, ko ciyar da mutum 10 don rantsuwar da aka karya. A Littafin Firistoci kuwa firist ne yake yi wa mutum kafara, shi mai laifin hannunsa kawai yake ɗorawa a kan dabbar. Ka faɗi wannan bambancin a fili, sau ɗaya, ba tare da kushe kowa ba.

Fansa ta fi su haɗari. Akwai ɗaukar fansa, wato ramuwa, akwai kuma kuɗin fansa, wanda mutanen kudancin jihar nan, wajen Madarumfa da Gabi, sun san ɗacinsa. Da ka ce Yesu ya biya fansa, wani zai tambaya wa aka biya, wani ya amsa da cewa Shaiɗan. Markus 10:45 ya ce ya ba da ransa fansa saboda mutane da yawa, bai ambaci mai karɓar kuɗi ba. Tunda kalmar ba ta cikin Luka 18, a wannan zaman gara ka bar ta a aljihu.

Barata kuma kalmar cikin ikilisiya ce, yaro ko sabon mai bi yana iya jin ta kamar bara. Ka fassara ta da maganar kotu: alƙali ya wanke shi, ya ce ba a bin sa komai.

Akwai ɗaya da masu jagora kan tsallake. Aya 13 ta ce mai karɓar harajin yana bugun ƙirjinsa. A Hausa wanda ya bugi ƙirji jarumi ne, ya ce shi ya isa. A wurin Yahudawan lokacin kuwa alamar baƙin ciki ce mai tsanani, abin da mu za mu ce ya ɗora hannu a ka. Haka ma sunkuyar da kai: a wurinmu ladabi ne na yau da kullum a gaban babba, amma su da ido sama suke addu'a (Zabura 123:1, Yahaya 17:1), don haka wanda ya kasa ɗaga ido kunyar laifi ce ta danne shi, irin ta Ezra 9:6.

Zaman kansa

Minti 10 na farko karatu ne. A karanta sau uku da murya, mutum uku daban, na ukun ya rufe littafi ya ba da labarin da ka. Wannan ya sa waɗanda ba su iya karatu ba su shiga daidai da kowa, kai kuma ka ji abin da ya faɗi a hanya. Sau da yawa kalmar Haikali ce take faɗuwa.

Minti 15 na gaba na mutanen biyu ne. Tambaya ɗaya ta isa ta buɗe baki: me kowannensu ya roƙa? Za a duba a ga Bafarisiyen bai roƙi komai ba. Godiya ya yi, ya lissafa abin da bai yi ba da abin da ya yi. Kada ka bari a mai da shi maƙaryaci, don babu inda Yesu ya ce ƙarya yake yi. Attaura ta wajabta azumi rana ɗaya a shekara, Ranar Kafara, shi kuwa sau biyu yake yi a sati. Zakka kuma har ta ganyen miya irinsu suke fitarwa (Luka 11:42). Irin mutumin da ikilisiya za ta zaɓa dattijo ne ba tare da gardama ba, ka faɗa musu haka.

Mai karɓar harajin ma kada a wanke shi tun kafin Allah ya wanke shi. A ƙarƙashin mulkin Romawa kwangila ake sayen karɓar kuɗin hanya da na kaya: mutum ya biya tun gaba, sannan ya fanshe daga jikin talakawa, abin da ya hau nasa ne. Shi ya sa Yahaya Maibaftisma ya ce musu kada su karɓi fiye da abin da aka yanka (Luka 3:12-13). Kada ka kwatanta shi da ma'aikacin duwan ko mai karɓar lanho na yau. Aikin ba ɗaya ba ne, kuma wataƙila ɗansa yana zaune a tabarmar.

Sai minti 20 na Haikali, kuma wannan a tsakar gida ya fi kyau. Ɗauki kara ka zana ɗaki dogo a ƙasa, ƙofarsa gabas, ka raba ƙuryarsa da layi, shi ne labulen Wuri Mafi Tsarki. A gaban ƙofar ajiye kasko da garwashi, ka yafa ɗan turare ko busasshiyar ciyawa ya yi hayaƙi, shi ne bagade. Tsayar da mutum ɗaya kusa, ɗaya can wajen zaure. Dukansu a tsaye, don nassin ya ce mai harajin ma tsaye yake daga nesa, ba durƙushe ba. Yanzu karanta Fitowa 29:38-42 hayaƙin yana tashi a tsakaninsu. Ɗan rago bana ɗaya, ɗaya da safe ɗaya da yamma, kowace rana. Tare da kowanne akwai lallausan gari kashi ɗaya cikin goma na efa, wajen lita 2, bai cika tiya ba, kwaɓe da man zaitun rubu'in hin, kusan lita 1, da ruwan inabi daidai wannan awo. Ana ƙone ragon ƙurmus, wutar kuma ba a barin ta ta mutu (Littafin Firistoci 6:13). A shekara ƴan raguna sama da 700 ke nan, ban da ƙarin Asabar da na idi. A lokacin ƙona turare jama'a suna waje suna addu'a (Luka 1:10), kuma Ayyukan Manzanni 3:1 ya kira sa'a ta tara, ƙarfe 3 na rana, lokacin addu'a.

Hattara a nan: Luka 18 bai faɗi ƙarfe nawa suka hau ba. Kada ka ce nassi ya ce ƙarfe 3. Abin da za ka iya tsayawa a kai shi ne, ko yaushe suka je, bagaden yana gabansu da wutarsa.

Ranar Kafara ka taƙaita ta a minti biyar. Rana ta 10 ga wata na bakwai, babban firist ya fara gabatar da bijimi don kansa, sannan a kawo bunsuru biyu a jefa ƙuri'a. Ɗaya a yanka, a shiga da jininsa bayan labule a yayyafa sau bakwai. Ɗayan ya ɗora masa hannu biyu a ka, ya hurta laifofin jama'a, a kora shi jeji. A garin jar akuya ba sai an yi dogon bayani ba, kowa ya san kukan bunsurun da aka raba da garke. In wani ya tambaya talaka fa, nuna masa Littafin Firistoci 5:7 da 5:11: wanda bai iya tunkiya ba ya kawo kurciyoyi biyu, wanda bai iya su ba ya kawo gari.

Minti 15 na kalma ɗaya. Sa mai Segond ya karanta 18:38, kukan makahon Yariko: aie pitié de moi. Sannan ya koma 18:13: sois apaisé envers moi, wato ka huce da ni. Sura ɗaya, roƙo biyu, kalma daban. A Girkanci makahon ya ce eleeson, ka ji tausayina. Mai harajin ya ce hilastheti, kuma wannan fi'ilin sau biyu kawai ya zo a Sabon Alkawari, nan da Ibraniyawa 2:17, inda aka ce Yesu babban firist ne mai yin kafara don zunuban jama'a. Danginsa ne kalmar da Romawa 3:25 ta kira Yesu da ita, wadda a Ibraniyawa 9:5 take nufin murfin akwatin alkawari, wurin yayyafa jinin. Addu'ar tasa duka kalma shida ce a Girkanci, ba alkawarin gyara a ciki, ba uzuri.

Amma kada ka ɗora wa kalmar kayan da ya fi ƙarfinta. A Zabura 79:9 ta Girkanci an yi amfani da ita da ma'anar ka gafarta. Masana ma sun ja da juna a kanta: C. H. Dodd ya ce share zunubi take nufi, Leon Morris ya ce kawar da fushin Allah ne, Segond kuma tun kafin su ya bi ta wajen hucewar fushi. A ganinmu bunsuru biyun nan sun riga sun nuna ba sai an zaɓi ɗaya an yar da ɗaya ba, ana shiga da jini gaban Allah, ana kuma kwashe laifi a fitar da shi gari. Abin da ya isa ƙungiya ta riƙe shi ne, mutumin yana tsaye inda ake yanka, yana roƙo da harshen wurin.

Hukuncin

Minti 20 ne, kuma a nan kada ka yi gaggawar ba da amsa. Karanta aya 14, sannan ka sa wani ya karanta Karin Magana 17:15, inda aka ce mai wanke mugu da mai kā da adali dukansu abin ƙyama ne ga Ubangiji. Ƙara Fitowa 23:7, inda Allah ya ce ba zai baratar da mugu ba. Sai ka tambaya: to, ga mugu ya amsa laifinsa da bakinsa, bai mayar wa kowa dala ba, ya koma gida wankakke. In alƙalin garin nan ya yi haka me za mu kira shi? Yi shiru. Bari a ji nauyinsa minti ɗaya ko biyu. Wani zai ce ai ya tuba. Tambaye shi ko kuka a gaban alƙali yana biyan bashi.

Sai ka koma ga kaskon. Ibraniyawa 10:4 ya ce jinin bijimai da na awaki ba ya iya kawar da zunubi, kuma maimaitawar da ake yi kullum ita ce shaidar hakan: firist yana tsaye kowace rana, Almasihu kuwa ya miƙa hadaya ɗaya ya zauna (10:11-12). Romawa 3:25-26 ya amsa tambayar kai tsaye, cewa Allah ya jingine zunuban dā har ranar da ya gabatar da Yesu, don ya zama shi mai adalci ne, shi ne kuma mai baratarwa. Hukuncin bai ɓace ba, an zartar da shi a wani wuri. Mai ba da misalin yana kan hanyar Urushalima lokacin da yake ba da shi. A Luka 22:37 ya ɗauki Ishaya 53:12 ya ce a kansa za a cika, a lasafta shi cikin masu laifi. A 23:44-46 duhu ya rufe ƙasa har sa'a ta tara, labule ya tsage, ya saki ransa. Ka share layin labulen da ƙafa a nan, ba sai ka ƙara magana ba. Sannan a karanta 23:48, wurin da Luka ya sake ambaton bugun ƙirji, taron da ya ga gicciyen yana komawa gida.

Ka nuna musu kuma hukunci biyu aka yanke, ba ɗaya ba. Bafarisiyen ya koma gida yadda ya zo, bai ma san an yi shari'arsa ba. Hayaƙin da ya tashi gaban mai harajin shi ne ya tashi gabansa, sai dai shi ya zo da nasa kayan.

Inda ake tuntuɓe

Farisiyawa Litinin da Alhamis suke azuminsu. Da ka faɗi wannan a Maradi, za ka ga ana kallon juna ana murmushi, an tuna maƙwabta. Tare shi nan take. Aya 9 ta faɗi waɗanda aka yi misalin dominsu: masu dogara ga adalcin kansu suna raina sauran mutane, kuma duk wanda ya yi wannan murmushin ya shiga layin. Laifi tudu ne. In ka san ƙungiyarka ba za ta iya riƙe wannan ba, ka ce sau biyu a sati ka wuce.

Layya ma za ta taso, musamman in zaman ya faɗo kusa da Babbar Salla, gari duk ƙaurin raguna a jikin itace kewaye da wuta. Kada ka ce ma'anarsu ɗaya da hadayar Almasihu. Musulmi yana yin layya don tunawa da biyayyar Annabi Ibrahim da neman kusanci ga Allah, bai kuma yarda an gicciye Isa ba, zai ce maka wani rai ba ya ɗaukar nauyin wani. Matasa suna jin wannan a wurin aiki da makaranta, don haka ka amsa musu da gaskiya: Ezekiyel 18:20 ma ya faɗi irin haka game da uba da ɗa. Amsar Kirista ita ce, ba wani bare aka kamo aka ɗora masa ba. Yesu ya ce ba mai karɓe ransa, shi yake bayarwa (Yahaya 10:18), kuma Allah ne kansa cikin Almasihu yake sulhunta duniya da kansa (2 Korantiyawa 5:19). Alƙalin ne ya ɗauki kuɗin shari'ar. A koya musu su faɗi wannan da ladabi, su kuma san inda za su tsaya.

Wani dattijo zai ce, in haka ne kowa ya yi ta cuta ya zo ya bugi ƙirji. Tambaya ce mai kyau, kada ka ture ta. Luka da kansa ya amsa ta a 19:8: Zakka, shugaban masu karɓar haraji, ya ba matalauta rabin dukiyarsa, ya mayar wa wanda ya cuta ninki huɗu, alhali Littafin Firistoci 6:5 uwar kuɗi da kashi ɗaya cikin biyar kawai ya nema. Wanda ya ci jika 10 zai mayar da 12 bisa doka, Zakka 40 ya mayar. Abin lura shi ne jerin: Yesu ya shiga gidansa tukuna, mayarwar ta biyo baya.

In cikin ƙungiyar akwai ƴan Katolika da ƴan ikilisiyoyin bishara tare, zancen ko barata furci ne na alƙali ko gyaran mutum ne daga ciki yana iya cinye sauran lokacin. Ka ambata cewa a 1999, a birnin Augsburg na Jamus, Katolika da Lutheran sun sa hannu kan cewa da alheri kaɗai ake karɓar mutum, ba da cancantarsa ba, sannan ka ajiye ragowar don wani zama.

Minti 10 na ƙarshe addu'a ne, kuma kada ka ba mutum ɗaya ya yi doguwa, don doguwar addu'ar rufewa ta saba komawa lissafin abin da muka fi wasu. Kowa ya tsaya inda yake, a yi shiru minti biyu, sannan a faɗi addu'ar aya 13 tare sau ɗaya. Ba a neman kowa ya hurta zunubinsa a gaban taro. Wanda yake da abin faɗa ya ga fasto ko dattijo daga baya, mace kuma ta ga uwar zumunta. Kafin a watse ba su Luka 23:39-43 su karanta a gida, su zo sati mai zuwa da amsar tambaya ɗaya: me ɓarawon nan ya amsa game da kansa, me kuma ya faɗa game da wanda ke rataye kusa da shi. A kashe garwashin kaskon da ƙasa kafin yara su iso wurin.